Detroit Vipers: Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙungiyar da ta Yi Shekara Bakwai ta Ɓace

Masu bibiyar wasannin Amurka kan ci karo da sunan Detroit Vipers ta hanya ɗaya, wato labarin dattijon nan Gordie Howe, tsohon tauraron ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, da ya sake shiga fili yana ɗan shekara 69. Daga nan sai tambayoyi su biyo baya, domin ƙungiyar ba ta nan yanzu, gasar da take bugawa ba ta nan, har filin wasan ma an rushe shi. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi.

Wace ƙungiya ce Detroit Vipers, kuma wane wasa take yi?

Ƙungiyar ƙwararru ce ta ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wadda ta yi wasa daga 1994 zuwa 2001 a jihar Michigan ta Amurka. Ba a NHL take ba, wato babbar gasar wannan wasa ta Amurka da Kanada. Tana cikin gasar da ake kira IHL, wadda a wancan lokaci take mataki ɗaya ƙasa da NHL, kafaɗa da kafaɗa da wata gasar mai suna AHL. Gidanta shi ne filin Palace da ke garin Auburn Hills, kimanin kilomita 50 arewa da tsakiyar birnin Detroit. A lokacin filin na ɗaukar mutum sama da 20,000, kuma a nan ne Detroit Pistons ta ƙwallon kwando take wasanninta.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, yaya ake yin sa?

Mutum shida-shida ne a fili, biyar da mai tsaron raga. Suna sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa wanda suke sulɓi da shi a kan ƙanƙara, kowa riƙe da sanda mai lanƙwasa, suna bin wani ɗan faifan baƙar roba mai tauri. Zango uku ake yi, kowanne minti 20.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne yadda ake canji. Gudun wasan ya yi yawa, ba mai iya jure minti biyar a jere. Ɗan wasa kan shiga ya yi abin da bai kai minti ɗaya ba, ya tsallaka katangar gefe ya zauna yana haki, wani ya diro, wasa bai tsaya ba. Za mu koma kan wannan idan mun zo maganar Howe.

Wa ya kafa ta?

Attajiri William Davidson ne, mai kamfanin gilashi na Guardian Industries kuma mai Pistons, ta hannun kamfaninsa na Palace Sports and Entertainment. Ba daga tushe ya gina ta ba. A 1994 aka sayi tsohuwar ƙungiyar Salt Lake Golden Eagles daga hannun Larry Miller na jihar Utah, aka ɗauko ta aka kawo Michigan aka sauya mata suna. Ita Golden Eagles ɗin ba ƙaramar ƙungiya ba ce, tun 1969 take, kuma ta ci kofin IHL sau biyu a jere, a 1987 da 1988.

Dalilin sayen a fili yake. Davidson ya gina katafaren fili a 1988, Pistons kuma wasanninta na gida 41 ne a kakar wasa. Sauran dararen fa? Ko dai a samu mawaƙi ya cika wurin, ko a kashe fitila. Ƙungiyar ƙwallon gora za ta ƙara masa wasu dare arba'in da wani abu na sayar da tikiti da abinci da kuɗin ajiye mota. Akwai kuma hamayya ta kasuwa tsakaninsa da Mike Ilitch, mai kamfanin Little Caesars, wanda ya mallaki Detroit Red Wings ta NHL tun 1982 kuma yake riƙe da filin Joe Louis a cikin gari. Su biyun sun daɗe suna ja-in-ja kan wa zai kwashi 'yan kallon yankin.

Sunan kuwa ya samo asali ne daga yarjejeniyar talla da kamfanin motoci na Chrysler, mai ƙera motar Dodge Viper, wanda hedikwatarsa ke nan Auburn Hills. Tambarin ƙungiyar maciji ne, rigarta kuma shuɗi mai ratsin kore da shunayya, irin kalolin da ake yayi a Amurka a shekarun 1990.

Birnin da yake da Red Wings, me zai yi da ƙaramar ƙungiya?

Tambayar da mutane da yawa suka yi ke nan a lokacin, kuma amsar ta zo daga inda ba a zata ba. A ranar 1 ga Oktoban 1994, watan da Vipers za ta fara wasa, masu kulob-kulob na NHL suka rufe wa 'yan wasansu ƙofa saboda rikicin albashi. Ba a sasanta ba sai Janairun 1995, aka yi gajeriyar kaka mai wasa 48. Wata uku da 'yan kwanaki ke nan babu Red Wings a birnin da mutanensa ba sa haɗa wannan wasa da komai. Faɗuwa ta zo daidai da zama: duk mai ƙishirwar kallo sai ya kama hanyar Palace.

Ko da NHL ta dawo, akwai abin da ya riƙe wasu. Tikitin Red Wings yana da tsada kuma samunsa sai mai hanya. Magidancin da ke zaune a unguwannin bayan gari, wanda yake son ya kai 'ya'yansa uku kallo ranar Asabar, ya ga cewa a Palace zai iya, ga wurin ajiye mota a bakin ƙofa, ga kiɗa da wasan wuta kafin a fara. A shekarun farko Vipers na cikin ƙungiyoyin da suka fi tara jama'a a duk ƙananan gasannin Arewacin Amurka.

Da gaske ne ta taɓa doke tawagar Wayne Gretzky?

Gaskiya ne. A lokacin rufe ƙofar, Gretzky, babban tauraron wasan a wancan zamani, ya haɗa abokansa taurarin NHL domin zagayen wasannin sada zumunci a Turai, tawagar da aka sa wa sunan lambar rigarsa, 99. Kafin su tashi, a farkon Disamban 1994, suka tsaya a Palace su ɗan motsa jini da Vipers. Aka tashi 4 da 3, Vipers ce da nasara. Wasan sada zumunci ne, kuma taurarin sun kwana biyu ba su yi wasa ba, don haka kada a kai abin inda bai kai ba. Amma ga ƙungiyar da ba ta fi wata biyu da haihuwa ba, talla ce da kuɗi ba ya saye.

Me ake nufi da cewa ƙungiya ce mai cin gashin kanta?

Nan ne zuciyar labarin, don haka bari a ɗan tsaya.

A tsarin Arewacin Amurka babu hawa da faɗuwa tsakanin rukuni kamar yadda aka saba a ƙwallon ƙafa. Ƙungiyar ƙaramar gasa ko ta ci kofi sau goma, tana nan inda take. Yawancinsu kuma suna ƙarƙashin wata ƙungiyar NHL ce. Babbar ita ce ke biyan albashin mafi yawan 'yan wasan, ita ke turo matasanta su goge, ita ke cewa a sa wane a ajiye wane, kuma duk ranar da ta ga dama sai ta buga waya ta ɗauke wanda ya fi kowa ci, ko da ana tsakiyar neman kofi ne. Ƙaramar ƙungiya a irin wannan hali kamar yaron shago take: yana iya ƙwarewa a ciniki, amma ba shi ke yanke abin da za a saro ba, kuma ranar da maigida ya buƙaci kayan a babban shago sai a kwashe.

Vipers a shekarunta biyar na farko ba ta da irin wannan maigida. Kuɗin Davidson ne ke biyan albashi, kuma shugabanninta ne ke zaɓen wanda suke so. Rick Dudley, tsohon ɗan wasan Buffalo Sabres kuma tsohon kocinta, shi ne koci na farko kuma shi ke riƙe da harkar ɗauko 'yan wasa. Ya ɗauko gogaggu waɗanda suka ɗanɗana NHL ba su samu gindin zama ba, ya haɗa su da yara 'yan Turai masu tasowa. Burin ƙungiyar cin wasan da ke gabanta ne, ba renon ɗan wani ba, kuma 'yan kallo na gane bambancin.

Waɗanne fitattun 'yan wasa ne suka ratsa ta?

Kashi uku ne. Na farko matasan Turai da ba su kai shekarun shiga zaɓen NHL ba, wato zaɓen shekara-shekara da ƙungiyoyinta ke yi na sababbin matasa, amma suna son masu farautar 'yan wasa su gan su suna karawa da manya a kan ƙaramin filin Amurka. IHL ta buɗe musu ƙofa. Petr Sykora na Jamhuriyar Czech ya zo a kakar farko, New Jersey Devils ta zaɓe shi a 1995, daga baya ya ci kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, sau biyu, a 2000 da 2009. Sai Sergei Samsonov ɗan Rasha, wanda ya iso a 1996 bai cika 18 ba. Gajere ne mai wuyar kamawa. Ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na IHL, Boston Bruins ta ɗauke shi a matsayi na takwas a zaɓen 1997, shekara guda bayan haka kuma ya ci irin wannan kyauta a NHL.

Na biyu taurarin da suka yi yaji. A kakar 1995, Peter Bondra da Michal Pivonka sun saɓa da Washington Capitals kan kwantiragi, sai suka zo suka sa rigar Vipers na 'yan makonni har aka biya musu buƙata. Bondra kuwa shi ne ya fi kowa zura ƙwallo a NHL a kakar da ta gabata, da ƙwallo 34. A ce irin wannan mutum yana wasa a ƙaramar gasa, hakan bai yi wa shugabannin NHL daɗi ba ko kaɗan.

Na uku su ne waɗanda suka ɗauki nauyin ƙungiyar a zahiri, sunayensu ba su yi nisa ba amma su 'yan kallon Palace suka sani: Peter Ciavaglia, Stan Drulia, da mai tsaron baya Brad Shaw. Mai tsaron raga Kevin Weekes ma ya yi kaka guda a nan kafin ya daɗe a NHL.

Ta ci kofi?

Sau ɗaya, a 1997. Steve Ludzik ne koci, bayan Dudley ya koma ofis kacokan. A wannan kakar Vipers ta ci wasa 57 cikin 82, ta fi kowa maki, sannan a wasan ƙarshe ta doke Long Beach Ice Dogs ta jihar Kalifoniya da ci 4 da 2 a jerin wasannin da wanda ya riga cin huɗu cikin bakwai ke ɗauka. Ciavaglia aka ba kyautar gwarzon zagayen.

Sai dai rashin sa'ar lokaci. A watan Yunin nan dai Red Wings ta ci kofin Stanley, karo na farko tun 1955, birnin ya ruɗe da murna. Kwana shida bayan haka kuma motar da ta ɗauko wasu 'yan ƙungiyar ta yi hatsari, mai tsaron baya Vladimir Konstantinov ya ji raunin da ya kawo ƙarshen wasansa. Tsakanin wannan murna da wannan jimami, kofin Vipers bai samu kunnen da ya cancanta ba.

Kofin da kansa yana da alaƙa da yankin. Sunansa kofin Turner, don tunawa da Joe Turner, mai tsaron raga ɗan garin Windsor na Kanada, tsallaken kogin Detroit, wanda ya rasu a Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin sojan Amurka. Ita ma IHL a nan aka kafa ta a 1945 da ƙungiyoyi huɗu, biyu daga Detroit, biyu daga Windsor.

To, labarin Gordie Howe fa? Wasa ne na gaske ko talla?

Duka biyun, amma tallar ta fi yawa, kuma babu wanda ya ɓoye hakan.

An haifi Howe a 1928 a lardin Saskatchewan na Kanada. Ya fara wa Red Wings wasa a 1946, ya yi mata shekara 25, ya yi ritaya, ya dawo ya yi wasa tare da 'ya'yansa biyu Mark da Marty, bai ajiye sanda ba sai 1980 yana da shekara 52 a ƙungiyar Hartford Whalers. Ke nan ya taka fili a shekarun 1940, 1950, 1960, 1970 da 1980. Saura na 1990 ya cika shida.

A ranar 3 ga Oktoban 1997, wasan buɗe kaka da Kansas City Blades, Vipers ta ba shi kwantiragin wasa ɗaya. Ya fito da farin gashi, kai babu hular kariya kamar yadda ya saba a zamaninsa, filin ya cika maƙil, jama'a suka miƙe tsaye. Ya yi shiga ɗaya ta ƙasa da minti guda ya koma benci, bai sake fitowa ba.

Masu suka sun ce an mayar da tsoho abin kallo, kuma ba a rasa gaskiya a maganarsu ba. Amma mai cewa "ko minti ɗaya bai yi ba" ya manta cewa tsawon shiga ɗaya ke nan ga kowane ɗan wasa, yaro ko babba. A ganina abin dubawa shi ne wace ƙungiya ce za ta iya yin haka. Wadda ke ƙarƙashin NHL sai ta nemi izini, kuma da wuya a yarda a ba ɗan shekara 69 gurbin matashin da ake reno. Vipers ba ta da wanda za ta tambaya. Howe ya rasu a Yunin 2016.

Me ya faru bayan kofin?

Shekara biyu na kusa-da-kai. A 1998 ta sake kai wasan ƙarshe, Chicago Wolves ta doke ta a wasa na bakwai. Na 1999 ya fi ciwo: tana gaban Orlando Solar Bears da 3 da nema, saura wasa ɗaya ta kai ƙarshe karo na uku a jere, sai Orlando ta ci huɗu a jere ta fitar da ita.

Ƙungiyar da take cin wasa haka, me ya kashe ta cikin shekara biyu?

Mai ita ya samu abin da ya fi ta. A 1999 kamfanin Davidson ya sayi Tampa Bay Lightning ta NHL, wadda a lokacin take can ƙasan tebur. Nan take aka kwashe ƙwaƙwalwar Vipers aka kai jihar Florida: Dudley, wanda ya yi shekara guda a Ottawa Senators, ya zama babban manajan Lightning, Ludzik ya zama kocinta. Ita kuma Vipers aka mayar da ita wurin renon matasan Lightning.

Daga nan komai ya juye. Gogaggun da suka ci kofi suka watse. Aka cika ƙungiyar da yaran wata ƙungiya da ita kanta ba ta da isassun 'yan wasa, duk wanda ya ɗan nuna alama sai a kira shi Tampa. Vipers ta faɗo ƙasan tebur a kakar 1999 zuwa 2000, ta sake zama a can a kakar da ta biyo baya, lokacin da Brad Shaw, wanda ya ɗaga kofi da ita yana ɗan wasa, yake koci. Mutumin Michigan kuwa ba shi da dalilin biyan kuɗi ya kalli yaran Florida ana lallasa su, alhali Red Wings tana tashe a cikin gari. Filin da ya saba cika sai ga kujeru fayau.

Ba za a ce Davidson ya yi asara a lissafinsa ba. A 2004 Lightning ta ci kofin Stanley, Pistons ta ci na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando, duk a wata ɗaya. Ludzik dai bai ga wannan rana a kujerarsa ba, an sallame shi tun farkon 2001 aka naɗa John Tortorella.

Ita gasar IHL ɗin, me ya rusa ta?

Ta yi hawan da ya fi ƙarfinta. Shekaru da dama gasa ce ta ƙananan garuruwan masana'antu irin su Fort Wayne da Kalamazoo da Muskegon da Flint, inda ake zuwa wasa a bas. A shekarun 1990 ta shiga manyan birane: Houston, Las Vegas, Atlanta, San Francisco, har da waɗanda NHL ke ciki kamar Chicago da Detroit. Ta kai ƙungiya 19, daga Quebec zuwa Kalifoniya. Tafiyar bas ta koma ta jirgin sama, albashi ya hau, kuɗin shiga gasar ya hau.

Masu kulob na NHL suka fara kallonta a matsayin kishiya, musamman ganin yadda take ba 'yan yaji mafaka. Ɗaya bayan ɗaya suka janye matasansu suka mayar AHL. Ƙungiyar da aka janye wa tallafi sai ta biya kowa daga aljihunta, kuma ba kowa ne Davidson ba. San Francisco Spiders kaka ɗaya ta yi ta rufe. A ƙarshe saura 11, kuma a Yunin 2001 aka sanar da rushe gasar.

Wani abu nata ya rage. Ita ce ta daɗe tana raba gardamar canjaras da bugun daga kai sai mai tsaron gida, tun NHL na ganin abin wasan yara ne. A 2005 NHL ta ɗauki tsarin.

Me ya sa ba ta koma AHL ba kamar wasu?

Shida aka karɓa: Chicago Wolves, Grand Rapids Griffins, Houston Aeros, Manitoba Moose, Milwaukee Admirals da Utah Grizzlies. Vipers ba ta ciki. A lokacin ba ta da jama'a, mai ita ba ya buƙatarta, kuma a Michigan ɗin akwai Griffins da ke da kasuwarta a yammacin jihar. Daga 2002 ma Griffins ce ta zama wurin renon matasan Red Wings, har yau. Ko Orlando da ta ci kofin Turner na ƙarshe a 2001 ba ta tsira ba, balle wadda take ta ƙarshe a tebur.

Ana iya ziyartar filin Palace yanzu?

A'a. Davidson ya rasu a 2009, aka sayar da Pistons a 2011, sabon mai ita ya mayar da ita cikin gari a 2017, inda take zaune da Red Wings a sabon filin Little Caesars. A shekarar aka rufe Palace, a Yulin 2020 kuma aka rushe abin da ya rage na ginin da nakiya.

Na ga wata gasa mai suna IHL a shekarun 2007 zuwa 2010. Ita ce ta dawo?

Ba ita ba ce. Wata ƙaramar gasa ce da a da ake kira UHL, ta ari sunan da na kofin Turner a 2007. Matakinta ya yi ƙasa da na tsohuwar, ƙungiyoyinta kaɗan ne a yankin tsakiyar Amurka, kuma a 2010 ta narke cikin gasar CHL. Vipers ba ta taɓa wasa a cikinta ba, don haka mai neman sakamakon wasanninta ya duba tsohuwar IHL, kakar 1994 zuwa ta 2001.